Filin Masu Kiwo: Wanda Ya Yi Barbara Daban, Uba Daban

Wasiƙun wannan wata sun haɗu a wuri ɗaya: mai kiwo ya zaɓi namiji, ya ga barbara da idonsa, amma abin da aka haifa ya fito ba yadda ya zata ba. Likitocin dabbobi da masu nazarin ƙwari na wannan fili ne suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kajin gida goma sha biyu. Na sayo zakaran Noiler, ranar da ya shigo gidan na yanka tsohon zakarana. Ƙwan da suka yi a wannan makon na tara na sa wa kaza ta kwanta. Da aka ƙyanƙyashe, yawancin 'yan tsakin kamar an tsaga kara da tsohon. Ko mai sayarwar ne ya cuce ni? Daga wata uwargida a Ringim.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kada ki yi saurin ɗora wa mai sayarwa laifi. Tsohon zakaranki ya shiga tukunya, amma maniyyinsa bai bi shi ba. A cikin hanyar ƙwan kaza, daidai bakin inda ake yi wa ƙwai ɓawo, akwai wasu 'yan ƙananan ramuka da ke ajiye maniyyi da ransa. Barbara ɗaya tana isar kaza ta yi ta zuba ƙwai mai rai kwana 10 zuwa 14, wata ma har mako uku. Kullum sai wasu ƙwayoyin maniyyin su fito daga ma'ajiyar su haura sama, inda kwanduwa ke faɗowa, domin cikin kamar minti 15 da faɗowarta ake haɗuwa, kafin farin ƙwai ya lulluɓe ta. Daga nan ƙwai yana ɗaukar awa 25 zuwa 26 kafin ya fito. Ke nan ko da sabon zakara ya hau kaza yau, ƙwan gobe ba nasa ba ne. Na jibi ne farkon wanda zai iya zama nasa.

Idan maniyyin zakaru biyu ya haɗu a kaza ɗaya, na wanda ya hau daga baya ne ya fi rinjaye, amma ba ya share na farko gaba ɗaya. Kuma kazar ba 'yar kallo ba ce. Binciken da Tommaso Pizzari da Tim Birkhead suka buga a 2000 ya nuna kaza tana iya fesar da maniyyin zakaran da ba shi da matsayi a cikin kaji, ta riƙe na babba. Baƙon zakara da bai riga ya kafa kansa a gida ba yana iya hawa a banza.

Sai wata matsalar da ba ki ambata ba, wadda a ƙauye ita ce babba: zakaran maƙwabta. Kajin da ake saki da safe su yi kiwo a bola da bayan danga ba su da miji ɗaya. Zakaran gida ba shi da nauyi, yana da gudu, shi kuwa Noiler jiki ya yi masa yawa, kafin ya juyo an gama.

Abin yi shi ne ki killace kajin da kike son irinsu tare da sabon zakaran. Ƙwan mako biyu na farko ki ci ko ki sayar, idan kina son tabbaci sosai ki kai mako uku. Zakara ɗaya ga kaji 8 zuwa 10, kada ya wuce haka. In killacewa yini guda za ta yi miki tsadar dusa, to aƙalla kada ki sake su sai inda ba wani zakara, kuma ki tabbatar suna tare da naki daga la'asar zuwa magariba. Yawancin kaji da safe suke ƙwai, barbarar da aka yi dab da lokacin ƙwai kuwa ba ta cika kamawa ba, ta yamma ta fi. Ƙwan da za ki sa a kwanci kada ya wuce kwana 7 a ajiye, ki sa shi wuri mai sanyi, tsininsa ƙasa. A bazara tukunyar ƙasa a kan jiƙaƙƙen yashi tana taimakawa, don zafin Afrilu yana tayar da ɗan tsako a cikin ƙwai tun kafin kaza ta hau, sai ya mutu ya zama baragurbi. Kina iya gwada zakaran tun da wuri: fasa ɗanyen ƙwai a faranti ki dubi farin ɗigon da ke kan kwanduwa. Idan ya yi zobe mai fili a tsakiya, faɗinsa milimita 3 zuwa 4, ƙwan mai rai ne. Idan ɗan ƙaramin ɗigo ne cunkushe, ba a yi masa barbara ba. Wanda ke ƙarƙashin kaza kuma, a kwana na 7 zuwa 10 ki haska shi da tocila a ɗaki mai duhu, za ki ga jijiyoyin jini.

Ki sani kuma rabin gadon ɗan tsako daga uwarsa yake, shi kansa Noiler haɗin iri ne, don haka ko 'ya'yansa na gaskiya ba za su fito launi ɗaya ko girma ɗaya ba.

Tambaya: Jar akuyata ta haifi tagwaye, ɗaya ja kamar bunsurun da na kai ta, ɗaya fari da dabbare-dabbare mai dogayen ƙafafu. Yara sun ce sun ga wani bunsuru ya bi ta a kiwo washegari. Tagwaye suna iya zama da uba biyu? Daga wani dattijo a Gumel.

Amsa: Suna iya, Baba. Tagwayen akuya yawanci daga ƙwai biyu suke, kowanne da ƙwayar maniyyin da ta shige shi. Akuya tana neman bunsuru na awa 24 zuwa 36, wani lokaci har kwana biyu, kuma sai wajen ƙarshen neman take sakin ƙwai. Maniyyi yana rayuwa a cikinta kwana ɗaya zuwa biyu. Idan naka ya hau da safe, na kiwo ya hau washegari, duka biyun suna nan suna jira lokacin da ƙwan zai sauko. Haka yake faruwa a tumaki, da karnuka, da kyanwa. Amma launi kaɗai ba shaida ba ne, launin kaka yana iya tsallake iyaye ya fito a jika. Gwajin ƙwayoyin gado, wato DNA, ne yake raba gardama, kuɗinsa kuwa ya fi na ɗan akuyar.

Wannan gasa ta maniyyin maza biyu a jikin mace ɗaya, wani masani, Geoff Parker, ne ya fara fayyace ta a 1970, a Ingila, yana nazarin ƙudajen da ke taruwa a kan kashin shanu. Ya ga namijin ƙarshe yana samun kusan kashi 80 cikin 100 na ƙwan. A akuya da tunkiya ba ma'ajiya irin ta ƙuda ko ta kaza, don haka abubuwa biyu ne ke yanke hukunci: wanda ya hau a lokacin da ya dace da saukar ƙwai, da wanda ya zuba maniyyi mai yawa mai kuzari.

A nan ne babban namiji yake ba mutane kunya. A tsibirin Hirta na Sikotland akwai tumakin daji da aka daɗe ana bin zuriyarsu. Binciken da aka buga a 2001 ya nuna manyan ragunan da ke korar kowa su yi ta barbara, kafin ƙarshen lokacin maniyyinsu yakan ragu ƙwarai, sai ƙananan da ake rainawa su samu rabonsu na 'ya'ya. Haka ragon layya. Balamin da aka ɗaure a turke wata huɗu ana ɗura masa dusa da kowar wake, ya cika ido a kasuwar Maigatari, ba shi ne ragon iri ba. Dole maraina su fi sauran jiki sanyi da 'yan digiri, kitse kuwa idan ya taru a wuyan jakar sai ya riƙe zafi, maniyyi ya lalace. Zazzaɓi ma haka yake yi. Rago da bunsuru suna ɗaukar kimanin mako bakwai kafin su haɗa sabon maniyyi, shi ya sa namijin da ya yi ciwo, ko ya warke yana ci yana hawa, sai a ba shi wata biyu kafin a dogara da shi.

Kafin ka sayi namijin iri, sa hannu ka taɓa. Maraina biyu su sauko duka, girmansu ɗaya, da tauri amma ba kamar dutse ba, suna motsi a cikin jaka, ba kumburi ba ƙulli a ƙasansu. Mai guda ɗaya, ko mai kumburi, bar shi ga mahauta. Kumburin maraina tare da yawan ɓari a garke yana iya zama bakkale, wanda ke kama mutum ta ɗanyar madara da taɓa mahaifa, wannan aikin likitan dabbobi ne.

Idan kana son ka san uban abin da za a haifa, lura da alamu: kaɗa wutsiya, yawan kuka, kumburin gaba da ɗan ruwa mai yauƙi, da tsayawa cik idan namiji ya zo. Ka kai ta a yi barbara, bayan awa 12 a maimaita da namijin dai, sannan ta zauna a turke kwana uku, ba kiwo. Rubuta ranar. Ka sa ido daga kwana 18 zuwa 24, tunkiya kuma 14 zuwa 19. In ba ta sake nema ba, lissafa kwana 150. Kada ka manta da 'yan bunsurun gida, tun suna wata huɗu ko biyar suna iya yi wa uwarsu da 'yan uwansu ciki. Ka raba su a wata uku, ko a fiɗiye su. Wanda aka dandaƙe da girmansa kuma a nesanta shi da mata kamar wata guda, akwai sauran maniyyi a hanya. Cikakken bunsuru yana iya ɗaukar awaki 25 zuwa 30, matashi 10 zuwa 15.

Tambaya: Na biya an yi wa saniyata barbarar zamani da maniyyin bijimin waje, amma maraƙin ya fito Bunaji zalla. Daga wani makiyayi a Wudil.

Amsa: Malam, fara da lissafin kwana. Cikin saniya kimanin kwana 283 ne. In ta haihu kamar mako uku bayan ranar da aka yi tsammani, allurar ba ta kama ba, ta sake nema bayan kwana 21, bijimin garke ya yi aikinsa. In ta haihu da wuri sosai, da cikinta aka yi mata. In kuwa ranar ta yi daidai, to bijimi ya same ta a wannan neman. Tsinken maniyyin da ake ajiyewa a sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri yana ɗauke da ƙwayoyi miliyan 10 zuwa 20, kuma bayan an narkar ba sa daɗewa. Bijimi a hawa ɗaya yana zuba biliyoyi, sababbi. Ba gasa a nan. Ware ta daga bijimai da zarar ka ga alama har kwana biyu bayan allura. Wadda ta fara tsayawa da safe a yi mata da yamma, ta yamma a yi mata da safe. Mai allurar kuma ya narkar da tsinken a ruwa mai ɗumin digiri 35 zuwa 37 na kamar daƙiƙa 30 zuwa 45, ba a aljihu ko a rana ba.

Tambaya: Mun ji a rediyo Turawa sun ƙirƙiro wani gado da idan an sa wa ɓera ko sauro zai bi zuriya har irin ya ƙare. Gaskiya ne? In haka ne me ya hana a kawo mana, ga ɓeraye a rumbu ga sauro a fadama? Daga wani malamin makaranta a Auyo.

Amsa: Akwai gaskiya a ciki, Malam, amma ba Turawa ne suka fara ba, a halitta aka gan shi. A ƙa'ida kowace ƙwayar gado kwafi biyu ce a jikin dabba, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma kowane kwafi rabin 'ya'ya yake samu. Gadon tilas, wanda masana ke kira jin-diraib, shi ne wanda ke karya wannan rabo ya shiga kusan dukan 'ya'yan.

Sanannen misali yana jikin ƙaramin ɓeran gida, ana kiransa t. Namijin da ke ɗauke da kwafi ɗaya yana yin maniyyi iri biyu, rabi masu t, rabi marasa shi. Tun a maraina t yake sakin abin da ke dagula iyon ƙwayoyin duka, sannan ya ba masu ɗauke da shi kaɗai makari. Sai ka ga kashi 90 cikin 100 na 'ya'yan, ko fiye, sun gaje shi. Wanda ya gaji kwafi biyu kuwa yakan mutu tun a ciki, ko in namiji ne ya fito ba ya haihuwa. Da lissafin takarda ne, da t ya mamaye ɓerayen duniya. Amma idan aka kama su a gonaki, masu shi tsiraru ne.

Babban dalilin shi ne abin da muka gaya wa Baba na Gumel. Macen ɓera ba ta tsayawa kan namiji ɗaya. Mai t ya gurgunta rabin maniyyinsa da kansa, in shi kaɗai ne ba komai, na t za su isa. Amma da zarar lafiyayyen namiji ya hau macen a dare ɗaya, an bar shi a baya. A gwajin da aka yi a Jami'ar Zurik ta Siwizalan, aka buga a 2015, masu t kusan 13 cikin 100 na 'ya'yan suka samu idan an haɗa su gasa da lafiyayyu. An ga irin haka a wani ƙaramin ƙuda a 2010: gadon da ke kashe maniyyin haihuwar maza ya ƙarar da wasu rukunonin da aka tilasta wa matansu namiji ɗaya, inda aka bar mata suna sake miji kuwa zuriya ta tsira.

Duk da haka, masu bincike a Adelaide ta Ostareliya sun buga a 2022 cewa sun ɗora wa t wani gyara da ke hana mata haihuwa. Lissafin kwamfutarsu ya nuna ɓeraye kamar 250 za su iya ƙarar da 200,000 a kan tsibiri, amma cikin kimanin shekara 20. Ka lura: tsibiri, da shekara ashirin. Rumbunka ba tsibiri ba ne. Kuma ɓeran da ya fi addabar gonaki da rumbunan ƙasar nan, mai nonuwa da yawa wanda ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wani jinsi ne daban, ba ya barbara da ɓeran da ake gwajin a kansa. Don haka ɗaga rumbu daga ƙasa, sa wa ƙafafunsa kwanon rufi da aka naɗe kamar mazurari baki ƙasa, share ciyawar kewaye, zuba hatsin iri a duro mai murfi, jera tarko a jikin bango inda suke bi. Guba kuwa a yi hattara, kaji da yara sukan riga ɓera isa gare ta.

Sauro labarinsa daban, kuma a ganinmu nan ne maganar take da ƙarfi. Macen sauron maleriya yawanci sau ɗaya take barbara a rayuwarta, a cikin cincirindon mazan da ke shawagi da magariba. Namijin yana toshe ta da wani abu mai danƙo, ta ajiye maniyyinsa ta yi ta amfani da shi. Gasar da ke taka wa t burki kusan babu ita a nan. Ga saurin zuriya, daga ƙwai zuwa mai tashi kwana 10 zuwa 14 a zafi irin namu. Wani masani, Austin Burt, ne ya kawo shawarar ƙirƙirar irin wannan gado a 2003, fasahar yanka DNA ta CRISPR da ta fito a 2012 ta sauƙaƙa aikin. Yadda yake aiki: gadon yana yanka kwafin da ke gefensa, jiki ya zo gyara sai ya kwafi gadon tilas ɗin a gurbin, kwafi ɗaya ya zama biyu a ƙwayoyin haihuwa. A 2018 ƙungiyar Andrea Crisanti a Kwalejin Imperial ta Landan ta auna ƙwayar gadon da ke bambanta mace da namiji. Macen da ta gaji kwafi biyu ba ta iya cizo ba ta iya ƙwai. A kejin da aka fara da sauro 600, zuriya ta ƙare cikin haihuwa 7 zuwa 11.

Inda yake lalacewa ma an gani. A gwajin da ya gabaci wannan, gyaran da jiki ke yi wani lokaci yana canza wurin yankan, almakashin ya kasa gane shi, sai masu wannan canji su yaɗu su kori gadon. Sannan sauron maleriya ba iri ɗaya ba ne. A arewa akwai gambiye, da koluzi, da arabiyensis, da funestus, na ƙarshen nan dangi ne na nesa da gadon ba zai taɓa shi ba, haka ma sauron kwata mai kuka a kunne. Kuma abin da aka sake ba a kiransa ya dawo. Wanda aka saki a Haɗeja ba zai tsaya a kan iyaka a Maigatari ba, don haka maganar ta wuce ƙasa ɗaya. Har zuwa 2025 ba a saki sauro mai gadon tilas a fili ba a ko'ina. Wanda shirin Target Malaria ya saki a ƙauyen Bana na Burkina Faso a 2019, kimanin 6,400, maza ne marasa haihuwa, ba masu gadon tilas ba, kuma a Agustan 2025 gwamnatin ƙasar ta dakatar da shirin. A Najeriya izinin irin wannan aiki yana hannun hukumar NBMA mai sa ido kan fasahar sauya ƙwayoyin gado, da aka kafa a 2015, wadda aka faɗaɗa dokarta a 2019 ta haɗa da shi. Kafin nan, gidan sauro mai magani da maganin rigakafin damina na yara 'yan wata 3 zuwa 59 su ne a hannu.

Tambaya: In irin wannan sauro ya ciji mutum ko akuya, gadon zai shiga jikinsu ya hana su haihuwa? Kuma ba za a iya amfani da shi a gyara irin awaki ba? Daga wata ɗalibar aikin gona a Ɗambatta.

Amsa: Ba zai shiga ba, Malama. Gadon tilas ta barbara kaɗai yake tafiya, daga iyaye zuwa 'ya'ya, tsakanin masu iya haihuwa da juna. Cizo ba ya kai shi ƙwayoyin haihuwar mutum ko dabba, haka kazar da ta ci sauron narkar da shi za ta yi kamar kowane ƙwaro. Batun awaki kuma, lissafa da kanki: haihuwa 11 a sauro 'yan watanni ne, a akuya sama da shekara goma, a saniya fiye da talatin. Ba a ma buƙatarsa inda mutum ke riƙe da igiya. Unguwar da ta fiɗiye ƙananan bunsuranta, ta bar nagari biyu ko uku, tana musanya su da na wani gari duk shekara biyu don kada uba ya hau 'yarsa, za ta ga bambanci a 'yan awakin haihuwa ta biyu.